Man da Ya Koma Nono

A gindin dutsen Kwatarkwashi,
injin da ke sa ƙasa rawa tun hantsi
ya wayi gari yana taɓa dutse kamar mai sallama.
Ƙwas. Shiru. Ƙwas.
Tifa uku na jira, direbobi har sun shimfiɗa tabarma.

Alhaji Maiwada ya iso, waya a kunne:
"Famfo ne ya mutu. A aika Kano."
Maigidana Bawa Jatau bai ce ƙala ba,
sai da ya ƙarasa goron bakinsa.

"Barau, miƙo sukundireba."
Ya ɗora tsininta a cikin famfo, ƙotar a kunnensa,
ya lumshe ido kamar unguwarzoma.
"Wanga bai mutu ba. Kuka shikai.
A fara tambayar mai arha, kafin a kira mai tsada."

Muka bi tiyo gaɓa-gaɓa.
Na kai hannu zan shafa, ya buge shi.
Ya ɗaga nasa, na dama, mai yatsa huɗu:
"Man da ke cikin matsi allura ne, yaro.
Da kwali ake neman yoyo, ba da fata ba."
Kwali ya zagaya, ya dawo a bushe.

Allurar geji tana ta karkarwa,
ta hau, ta sauko, kamar mai zazzaɓin damina.
Matata muka kwance. Datti kaɗan,
bai kai a yi masa shari'a ba.

Saura tanki.

Nan cikina ya ɗuri ruwa,
don ni na ƙara mai daren Talata,
aka kira sallah, na ɗora murfi ban murɗa ba,
hadari kuma ya kwana yana zuba.

Ya tsoma kara, ya zaro.
Man da ya kamata ya yi kalar zuma
ga shi fari, da kumfa,
sai ka ce nonon da aka dama fura.

Ya dubi karan. Ya dubi murfin.
Ni kaɗai bai duba ba.

"Alhaji, ruwa ya sha.
Jarka biyu ta mai, da sabuwar matata.
Kano ta huta."
"Wa ya yi wannan aika-aika?"
"Damina," in ji shi.

Ni na kwanta ƙarƙashi na tsiyaye tankin,
farin mai yana bin hannuna har hammata.
Muka wanke, muka cika, muka fitar da iska
sannu-sannu, har tiyo ya daina shaƙuwa.
La'asar sakaliya, dutse ya amsa,
tantabaru suka watse daga tsaguwa.

Kan hanyar Gusau, ina bayan babur,
na shirya kalmomi tun daga kwana,
ban samu bakin faɗa ba.
Da muka tsaya shan mai, ya juyo,
ya miƙo mini murfin gorar ruwansa:
"Rufe min wanga. Murɗa shi da kyau."