Sakan Talatin

Keken ɗinkin da ke zaurenmu a Garin Malam
ba sayo shi aka yi ba.
Babana, Mushe Kanta, ya ciwo shi a tele
shekarar da aka haife ni,
da tambaya bakwai da guntun alli.

A lokacin, kacici-kacici ba ya sauri.
Teburi ne, da mutum huɗu, da ƙararrawar keke.
Na ɗaya ya ɗau keken ɗinki,
na biyu buhun shinkafa,
na ƙarshe ma ba ya fita hannu rabbana:
ƙamus da sabulu sanda uku.
Mai tambaya kan ce, "Yi tunani, malam,
ba kora ake ba."

Bana sun sayo wa shirin sabuwar riga daga ƙetare.
Sun ɗauke teburin, sun kafa kujera ɗaya tak
mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe,
fitilu na lilo, kiɗa na dukan ƙirji.
Kyautar ta koma tsani:
jaka goma, jaka hamsin, jaka ɗari,
har miliyan biyar can ƙololuwa.
In ka zame, babu reshen kamawa,
sai ƙasa.

Ƙanena Ilu ya tura saƙo arba'in kafin a kira shi,
kowane saƙo dala ashirin.
Ya kwana ya wuni cikin mota zuwa Yamai,
da takalmin aro a leda.

Daren nan wuta ta yi mana kara, ba a ɗauke ba.
Muka fito da tele ƙofar gida.
Cima mai awara ta sauke kasko,
ɗan garuwa ya jingine kurarsa,
har dukawan Birni sun gangaro da ƙanshin fata.

Ilu ya taka takwas, muna ƙirga masa.
A ta tara gumi ya karyo:
wace shekara babban birni ya tashi daga nan ya koma Yamai?
Ya ce zai kira gida.
Sakan talatin, in ji mai kwat.

Waya ta yi kuka a aljihun Baba,
mutumin da ya rubuta shekarar nan a allo
har hannun rigarsa ya yi fari.

"Salamu alaikum. Ilu?
Kun sauka lafiya? Ina gajiyar hanya?
Yaya mutanen Yamai?
Ka gaishe mini da mai shirin."
Muka yi ca: Baba, amsa! Baba, shekarar!
Ya ɗaga mana hannu:
"Ai sai an gaisa."

Ƙit.

Ga matacciyar wayar ya faɗi amsar,
a hankali, sau biyu, kamar mai ba da dikte:
dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin da shida.

Ilu ya canka, bai dace ba.
Fitilu suka yi ja, aka sako tallar madara.
Cima ta mayar da kasko kan wuta.

Ya dawo ran Laraba da hula da riga
masu tambarin kamfanin waya.
Rigar ta yi masa yawa, za ta ɗauki Ilu biyu.
Ba wanda ya tayar da zancen.

Bayan la'asar na ji keken yana ƙara.
Na leƙa: Ilu tsaye, hannuwa a buɗe,
Baba da zaren awo a wuya, allura a baki,
yana cewa ta gefen haƙori,
"Tsaya da kyau, yaro.
Ba kora ake ba."