Sabon Takalmi

Ranar da ruwan Agusta ya wanke titin Gidan Zu
na karya kwana a shataletale,
gindin motar ya sulɓe kamar sabulu a hannun yaro.
Ummulhairi na baya, rungume da jakar makaranta.
Ita dariya ta yi. Ni gwiwata ce ta mutu.

Albashi biyu na ƙulle na kai Ƙofar Ruwa.
Tasi'u ya tsuguna, ya shafa sanƙon tayar,
ya ce, "Alhaji, da silifas kake gudu a kan laka."
Ya mirgino guda huɗu 'yan Kwatano,
faffaɗa, masu haƙora, da rim mai ƙyallin sabon faranti.
Jak ya ɗaga, sufana ta yi ƙara,
noti biyar-biyar, gumi na ɗiga a kan kowanne.

Bai gaya min sitiyari zai yi nauyi ba,
ko allurar mai za ta riƙa faɗuwa kamar ana bin ta bashi.
In na faɗa rami a Kurna, roba ta goga ƙarfe,
ƙiii, sai masu adaidaita su waigo.
Hansatu ta ce kuɗin firji na sa wa mota a ƙafa.
Ban musa ba.

Jiya aka sake tsuga ruwa.
Shataletalen nan dai, ƙarfe biyu da rabi.
Na juya. Kwalta ta riƙe mu, muka riƙe ta.
Ummulhairi ta leƙo ta madubi:
"Baba, yau ba ka yi lilon nan ba?"