Girman Taku

Ƙarfe biyun dare a Aliero, janareta ya yi shiru.
Saura ni da batirin kwamfuta
da mutum ɗari shida da sha ɗaya, kowa a layinsa.
Ba suna. Shekaru kawai,
gishirin jini, aikin ƙoda,
da abin da zuciya ke iya turawa a bugu ɗaya.
Ƙarshen kowane layi, sifili ko ɗaya.
Ɗaya na nufin an naɗe tabarmarsa.

Malam Gado ya ce na'ura makauniya ce
mai laluben gindin kwari da ƙafa.
Ka ba ta dogon taku, ta tsallake ramin da take nema,
ta hau wancan tudu, ta dawo, ta sake wucewa
kamar akuyar da ta tsinke igiya ranar kasuwa.
Ka ba ta gajere tun farko,
damina ta zo ta wuce, tana nan bakin gangare.

Sai na tsara mata tafiya:
fara da sanɗa, irin ta mai gwada zurfin gulbi,
sannan ki buɗe ƙafa.
Bayan zagaye talatin a raba takun biyu,
bayan sittin a sake rabawa,
har ki koma mai zura zare a kafar allura.

Kuskure na sauka. Shayina ya huce.

Katin asibitin Kawu Nomau yana aljihuna.
Da can buhun albasa yake saɓawa
daga fadama har bakin titi, bai ajiye ba.
Bara, zuwa masallaci sai da hutu ɗaya a gindin darbejiya.
Bana uku.
Ƙafa ta ƙi takalmi,
barci ya ƙi kwanciya, sai a jingine da bango.
Shi wa ya tsara masa?
Wa ke raba takunsa biyu duk tsayuwar wata?

Da kiran assalatu ta gama koyo.
Na jera mata lambobinsa, yatsana na rawa.
Ta ce saba'in da huɗu cikin ɗari, kafin baɗi.
Ba ta rantse ba. Gaibu ba nata ba ne.
Sawun waɗanda suka riga shi ta bi,
kuma cikinsu akwai waɗanda suka juyo.

Na kira Likita Hansatu a Birnin Kebbi,
ta ce a kawo shi Litinin, kada a jira ƙarshen wata.

Ran Juma'a na same shi yana tsince irin albasa a faifai.
Ya ce, injin naka me ya gani?
Na ce, ya ce a rage gishiri.
Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.
Sannan ya miƙo hannu: kama ni, kada liman ya riga mu.

Na rage takuna.
Na sake ragewa.
Wajen darbejiya ya zo daidai da nasa.