Muryar Eusebia

A Puno, bakin tafkin da ke taɓa sama,
Nayra ta jingina waya jikin tukunya,
ta ce, "Kaka, fara."

Eusebia ta yi shiru har shayi ya huce.
Sai ta ɗauki dankali guda, baƙi wuluk,
ta kira sunansa,
ta kira na uwarsa,
sunaye arba'in da ɗaya, ba ta numfasa ba.

Shekarar ƙanƙara ta zo ta wuce a bakinta.
Mijinta ya sake nutsewa.
Ta yi dariya inda ba a zata ba.

Da dare, jikoki a Lima suka danna.
Autan ya tsayar, ya mayar baya:
"Tarin nan da ta yi, kar a goge."