Shuɗi a Kan Tsirkiya

Da hantsi ina Kwangila, bisa tsani,
ina zana zaki a bayan tirelar Alhaji Barau.
Ya ce in ƙara masa haƙora.
Na ƙara. Kuɗinsa ne.

Da la'asar na wanke hannu da kananzir,
shuɗi ya ƙi fita daga ƙarƙashin farce.
Haka na saɓi gurmi
zuwa gidan suna a Tudun Jukun,
tsirkiyar da na taɓa duk ta ɗau launi.

Inna Ladidi ta ce, "Tanimu,
taura biyu ba ta taunuwa."
Na ce to.
Ban dai tofar da ko ɗaya ba.

Akwai allo jingine a ɗakina
wata bakwai ke nan:
dutsen Kufena, rabi fenti, rabi alli.
Daren da na zauna in ƙarasa shi
sai wani kari ya faɗo mini a ka,
burushi ya kwana cikin gwangwanin madara,
gari ya waye ya ƙage kamar tsinke.
Naira ɗari takwas ta tafi.

Ran da na yi niyyar kiɗa kuwa,
hasken yamma a kan kwanon maƙwabta
ba ya ƙyale ni.

Jiya mai shayin Samaru ya ce,
"Wai kai mai zane ne ko makaɗi?"
Ina juya cokali
tirelar Barau ta gifta, zaki baki buɗe,
yaron mota a sama yana fito
da karin da na kaɗa ran suna.

Na ce, "Ƙara mini sukari."