Kofi a Taga

Inna Kuluwa takan ce,
tana gyara lulluɓi za ta dubiya:
"Zumunta a ƙafa take."
Silifas nawa ta kashe tsakanin gidan suna da gidan makoki,
sai dai a tambayi mai gyaran takalma na bakin tasha.

Ga ni yau a Harehills, cikin Leeds,
an ce zumuntar ta koma zaune.
In kana ƙaunar mutum, guje shi.
Tsaya nesa da ƙofarsa,
ka yi masa murmushin da takunkumi zai haɗiye.

Bas na wucewa fayau,
daga direba sai fitilu, kamar mai jigilar aljanu.
Masallacin unguwa da kwaɗo.
Azumi ya zo ya tarar da kowa a ɗakinsa;
na dama kunu da gyaɗar kwalba,
waya ce ladanina.

Bango ɗaya ya raba ni da Dennis Holroyd.
Tamanin da huɗu, tsohon tela, gwiwa ta ƙi.
Shekara shida gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai ba,
har nakan ce a raina, wannan tsoho da shan ƙamshi.
Na zura takarda ta ƙarƙashin ƙofarsa.
Ta dawo da rubutu mai rawa:
madara, burodi, kifin gwangwani na kyanwa.
Muka ƙulla: kowace safiya kafin takwas
zai ajiye shuɗin kofi a taga,
in gani, in san ya kwana.

Kwana talatin da ɗaya ina ƙirga ransa da kofi.

Ran sha tara ga azumi waya ta yi ƙara da asuba.
Funtuwa.
Ƙanena Barau ya ɗaga wayarsa sama don in gani,
makara tana rawa a allo,
hoton ya tsaya, ya motsa, ya tsaya,
har aka kai ta ban ga saukarta ba.
Matar da ta zauna a kan tabarmar kowa,
'yarta ba ta da tabarmar da za a zauna mata.
Na karɓi gaisuwa da babban yatsa.
Amin. Amin. Na gode. Amin.

Ban leƙa taga ba.
Na manta da kofi, na manta da mai kofi.
Kwana biyu.

A na uku aka ƙwanƙwasa, ba da hannu ba, da sanda.
Kafin in buɗe ya ja baya har bakin shinge,
yana haki, takunkumi a karkace.
"Labulenki bai motsa ba," in ji shi.
Ashe ni ma ana ƙirga ni.

A dokin ƙofa ga tukunya, an naɗe ta da tawul.
Miyar dankali ce,
gishiri kaɗan, yaji ko ɗigo,
irin wadda Inna za ta ɗanɗana ta ce, "Sannu dai."
Da aka sha ruwa na cinye ta tas,
na suɗe cokali, sannan kuka ya zo.

Daga ƙofarsa zuwa tawa taku goma sha ɗaya ne.
Na ƙirga washegari da zan mayar da tukunya.
Da gwiwa irin tasa, Inna,
tafiyar yini ce.

Nawa kofin na silba ne, bakinsa ya lotsa.
Nakan ajiye shi tun bakwai da rabi,
don tsohon ba ya da haƙurin jira.