Kunnen Toka

Ran Talata na lura, bayan azahar,
tana kwance kan buhun dankali a rumfata ta Farin Gada,
kunnenta na hagu ya kumbura
kamar ƙosan da aka tsame daga mai yanzun nan.
Na taɓa, da ɗumi, da laushi.
Ta kaɗa kai, ta yi mini hucin da ba ta taɓa yi ba.

Gambo mai albasa ya ce a huda da allura, shi ke nan.
Tabawa mai kunu ta ce a bar shi, zai sace da kansa.
Ni dai abin da na sani,
shekara huɗu ɓera bai ɗanɗana mini kaya ba,
kuma ba tsorona yake ji ba.

Na sa ta a kwalin taliya, na huhhuda don iska,
muka hau keke zuwa Polo,
tana kuka, ina ba fasinjoji haƙuri.

Dakta Nanret ta haska ramin kunnen,
ta lakato baƙin datti kamar garin gawayi.
Ta ce wasu ƙwari ne da ido ba ya gani,
su suka sa ta susa, ta yi ta susa
har jijiya ta fashe tsakanin fata da guringuntsi,
jini ya taru, ya rasa ƙofa.
In an zuƙe da sirinji, jibi ya dawo.
Sai an tsaga, an wanke, an ɗinke.
Na tambayi kuɗin, ta faɗa.
Na auna shi da buhu a raina, na ce a yi.

Na zauna a benci, sanyi na hawa ta ƙafar wandona,
kusa da wata tsohuwa rungume da akuya mai tari.
Ba mu yi magana ba, ƙofa ɗaya muke kallo.

Aka fito da ita, harshe ya ɗan leƙo,
an aske kunnen, an bi shi da ɗinki gefe da gefe
yadda mai katifa ke danne auduga,
don kada fata ta sake barin wurinta.
A wuya an ɗaura mata mazurarin roba.
Gambo ya ce ga lasifika ta samu ƙafa huɗu.

A gida, a Rikkos, ta yi ta karo da ƙofa,
tana ja da baya, wai za ta fita daga cikin abin.
Na ɓoye ƙwaya cikin kifin gwangwani,
ta cinye kifin tas, ta bar mini ƙwayata a faranti.
Safe da yamma in naɗe ta cikin tsohon bargo,
ɗigo uku a kowane kunne,
hannuna har yau da shaidar farcenta.
Da dare in ji ƙwas, ƙwas, ƙwas,
ƙafa na neman kunne, roba na tarewa.
Rana ta uku na ga jini a matashi, na kira a firgice.
Dakta ta ce ragowa ce ke fita, in goge da ruwan ɗumi,
kada in tausaya in cire mazurarin.
Sau biyu na kai hannu ga igiyar.

Can rumfa kuwa labari ya kai ga masu shi.
Buhu biyu suka huda mini cikin mako guda.

Sati uku aka warware zaren, ɗaya bayan ɗaya.
Kunnen bai miƙe ba, ya ɗan tanƙwashe
kamar ganyen kabejin da ya kwana a rana.
Na tambaya ko za ta ji. Dakta ta murza leda a bayanta,
Toka ta waiga tun kafin in rufe baki.

Jiya na mayar da ita Farin Gada.
Ta shinshina buhunan da aka huda, ta hau na sama,
ta zauna tana lasar wuyan da ta yi kewa.
Motocin tumatir na ta hon, 'yan dako na ihu,
sai na ga tanƙwasasshen kunnen ya juya a hankali
wajen wani motsi a ƙarƙashin katako
da ni ban ji ba.